Addu'ar Safe a Gidan Saja Kefas

Ranar da Saja Kefas ya dawo daga yaƙin Saliyo, cikin shekara ta dubu biyu, matarsa Saloma ta yi rawa a tashar motar Zuru har ɗankwalinta ya faɗi ƙasa, ba ta ko waiwaye shi ba. Mace ce mai kamun kai, malamar makarantar Lahadi, wadda ba kasafai ake ganin haƙoranta a waje ba, amma ran nan duk mai son ƙirga su ya ƙirga. Wa zai ga laifinta? A layinsu kaɗai mata uku aka kawo wa akwatin kaya da takarda a madadin miji. Ita kuwa nata ya sauko daga mota da ƙafafunsa biyu. Ya rame, ya yi baƙi, kunnensa na hagu ya mutu saboda ƙarar igwa, amma dai shi ne. Saloma ta ce kunne ɗaya ai ba komai ba ne, yaƙi ya ci ya ƙoshi da shi. Ta yanka zakaru biyu, ta raba tuwo har gidajen da ba su cika gaisawa ba.

Shekara ukun da ya yi a can, ba lokacin da ya fi ci mata rai irin ƙarfe biyar na asuba. Tun suna barikin Kaduna, tun 'yarsu Joyce tana goye, ba su taɓa fashin addu'ar safe ba in dai yana gari. Shi zai kunna fitila ya karanta aya, ya hure ta don kananzir ba a rijiya ake ɗebo shi ba, sannan su durƙusa a bakin gado cikin duhu. Ita ta fara, shi ya rufe. Saja ba mutum ne mai hira ba, kalma goma sai ta kai shi yini. Amma in ya durƙusa bakinsa buɗewa yake yi. A nan take jin abin da ke damunsa, a nan take sanin ko ya ji daɗin wani abu da ta yi. Duk abin da Saloma ta sani game da zuciyar mijinta a gefen gadon nan ta tsince shi, yana faɗa wa Allah tana saurare.

Da ya ajiye kaki ya koma gonarsa ta gindin dutse, addu'ar ta dawo inda take, Saloma ta ce ita kam ta gama roƙo, saura godiya. Ashe da sauran aiki. A hankali abin ya soma canzawa. Sai ta gama addu'a ta ce amin, ta ji shiru, sai ta taɓa shi sannan ya kama tasa. Wata rana kuma tana tsakiyar roƙo, ko sunan Joyce ba ta kai ba, sai ta ji ya ce amin ya miƙe abinsa. Ta ce a ranta gajiya ce, noman dutse ba wasa ba ne.

Sai ga ranar godiyar kaka, shekara biyu da dawowarsa. Majami'a ta cika maƙil, a gaba an jibge dammunan dawa da gero, da kabewa, da kaji ɗaure suna ta zare ido. Saloma tana ɓangaren mata cikin zanin zumunta, Saja yana ɓangaren maza cikin babbar rigarsa mai ruwan toka. Fasto ya ce a rufe idanu a yi addu'a, aka rufe. Ya ja addu'arsa doguwa irin ta ranar godiya, aka ce amin, kowa ya ɗago. Sai fasto ya ce Saja Kefas, wanda Allah ya dawo mana da shi daga bakin wuta, shi zai karanta mana ayar yau.

Saja bai motsa ba. Kansa a sunkuye, idanunsa a rufe, hannuwansa a haɗe.

"Saja Kefas," in ji fasto, ya ƙara murya.

Shiru. Aka yi kira na uku. Wani daga baya, irin mutanen nan da ba sa rasa ta cewa, ya ce, "A ƙyale shi, ya koma Saliyo." Majami'a ta kwashe da dariya, har da masu toshe baki da gefen zani. Na kusa da shi ya zungure shi. Saja ya ɗago firgigit, ya dubi hagu ya dubi dama, ko'ina baki a wage. Ya miƙe tsam, ya gyara rigarsa, ya fita ta ƙofar baya yana taku irin na fareti.

Saloma ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ita da take tsawata wa 'ya'yan mutane in sun yi gyangyaɗi, ga nata mijin ya yi a gaban duniya. Ko zanin zumunta ba ta cire ba ta tsaya a gabansa a tsakar gida.

"Baban Joyce, barci? A gaban Ubangiji, ranar godiya? Kai da ya kamata ka fi kowa godiya a garin nan?"

Ya tsura mata ido har ta kai aya. Can ya ce, "Haka ne, Maman Joyce. Barci na yi."

Daga ran nan bai sake durƙusawa tare da ita ba. In ta farka ƙarfe biyar sai ta tarar gefensa na gado ya yi sanyi, yana can waje kan kututture yana jiran gari ya waye ya saɓa fartanya. Majami'a bai daina zuwa ba, amma ya koma bencin ƙarshe kusa da ƙofa. Hannah shugabar zumuntar mata, wadda Allah ya hore wa gani ko da idonta a rufe yake, ita ta kawo labari cewa in ana addu'a Saja ba ya rufe ido, ƙyam yake zama yana kallon fasto kamar mai gadi.

Saloma ta yi lallashi, ta yi fushi, ta yi miyar kuka da busasshen kifi irin wadda yake so, duk a banza. In ta tayar da maganar sai ya ce, "Ki yi mana, ai ni da ke ɗaya ne," ya juya baya. Da dabara ta ƙare mata sai ta koma kai ƙararsa sama, a inda zai ji. Ta durƙusa kusa da taga, daidai saitin kututturensa, ta ɗaga murya: "Ya Ubangiji, akwai waɗanda ka tsamo daga bakin bindiga, suka dawo gida suka manta da kai. Ni ban kama suna ba, kai ka san su." Wata takwas cur tana wannan aiki, ko tari mutumin nan bai taɓa yi ba. Ta ce kai, wannan zuciya ta fi dutsen gonarsa tauri.

Abin dariya ne in ana ba da labarinsa yanzu, amma ita a lokacin ba dariya take yi ba. Tsoro take ji, tsoro na gaske. Ta ga sojojin da suka dawo da jiki suka baro ransu a can, wasu suka ƙare a gidan burkutu, wasu a gindin itace suna magana su kaɗai. Ga kuma kewa. Mutum yana gabanta, tana zuba masa tuwo, tana wanke masa riga, amma ba ta san me yake so ba, ba ta san me yake tsoro ba, ba ta san ko yana ganin ƙoƙarinta ba. Ƙofa ɗaya ce da ma take bi ta isa wurinsa, ga shi ya rufe ta.

Da damina ta yi nisa sai ta yanke shawara: ranar Lahadi mai zuwa za ta kai maganar gaban fasto da dattawan ikilisiya, su kira shi su zaunar. Ta san abin da hakan zai iya jawowa. Mutumin da dariya ɗaya ta fitar da shi daga majami'a, in aka zaunar da shi ana yi masa tambayoyi, mai yiwuwa ba zai sake taka wurin ba, ita ma ba zai yafe mata ba. Amma ta duba ta ga zaman da suke yi ma rasa shi take yi, a hankali ne kawai.

Ranar Juma'a da hantsi ta je sayen sabulu da gishiri a shagon Chinyere matar Obiora, Inyamurai ne da suka shekara goma sha biyar a bakin kasuwa. Hausar Chinyere tana ɗingishi, amma duk inda ta nufa tana isa.

"Mama Joyce, sannu da zuwa. Yaya Saja? Kun kai shi asibiti don kunne?"

"Wane asibiti kuma? Tun a can likitocin soja suka ce na hagun ya mutu, ba magani."

"Ba hagu nake faɗa ba. Duka biyu."

Saloma ta ajiye sabulun da ta ɗauka. "Duka biyu kamar yaya? Ni da nake magana da shi kullum yana amsa mini?"

"Kina gabansa, ko ba haka ba?" Chinyere ta juya mata baya, ta fuskanci jerin gwangwanayen madara, ta ci gaba da magana. "In ya zo sayen batirin tocila, na juya haka na ce, babba ko ƙarami? Shiru. In na juyo na sake faɗa, sai ya ce babba. Sau uku na gwada. Kuma ba ido yake kallo ba, baki yake kallo. Da farko na ɗauka ganye ya maƙale mini a haƙori." Ta juyo. "Babana haka ya yi kafin ya rasu. Shekara biyu yana ɓoye mana, don kada a ce ya tsufa."

Abin da ya fara zuwa wa Saloma haushi ne. Shekara ashirin da takwas tana tare da mutum, sai mai sayar da batir ce za ta ba ta labarinsa? Ta karɓi kayanta, ta yi sallama a gajarce. Amma kafin ta wuce layin masu faci abubuwa suka fara dawo mata. Rediyonsa, wanda da ko tuwo sai ya jira a gama labarai, rabonsa da kunnawa tun bara. In ta kira shi daga madafa ba ya amsawa, ita kuma ta ɗauka gaba yake yi da ita. Kallon nan da yake tsura mata in tana magana, wanda ta fassara da taurin kai. Ta ƙara sauri har gishirin yana tsiyaya daga leda ba ta sani ba.

Ta same shi a gindin mangwaron tsakar gida, ya ba ƙofa baya, yana sassaƙa sabuwar ƙotar fartanya. Ta tsaya taku huɗu a bayansa.

"Baban Joyce, na dawo."

Gizago ya ci gaba da aikinsa.

"Baban Joyce! Awaki sun shiga rumbu!"

Mutumin da ko kaza ce ta doshi rumbunsa sai ya wurga mata takalmi, bai ko ɗaga kafaɗa ba. Ta waiga ko akwai mai jin ta, sannan ta yi abin da ba ta yi ba tun da aka haifi Joyce, ta kama sunansa gatsau.

"Kefas!"

Kaji suka ji, suka ɗago kai. Shi yana ta sassaƙarsa.

Ta zagayo gabansa. Da inuwarta ta faɗa kan ƙotar ya ɗago, ya ce, "A'a, har kin dawo?" Idanunsa suka sauka kan bakinta suka tsaya a can, kamar yadda Chinyere ta faɗa. Saloma ta motsa leɓɓanta kawai, ko ɗigon murya ba ta saki ba, ta tambaye shi ko zai sha ruwa.

"E, kawo," in ji Saja. "Na randa, mai sanyi."

Ta zauna daɓas a kan ɓawon itacen da ya sassaƙe, sabulu ya mirgine gefe.

"Lafiya? Jiri ne?"

"Ban yi magana ba, Baban Joyce," ta ce a hankali, tana kallonsa. "Bakina kawai na motsa."

Ya dubi bakinta, ya dubi gizagon hannunsa, ya ajiye shi a ƙasa.

"Tun yaushe?" ta ce.

"Tun muna hanyar dawowa na daman ya fara ƙugi, kamar gyare ya shiga ciki. Yana raguwa, yana raguwa. Kafin godiyar bara, sai dai in ji ganga a ƙirjina. Maganar mutum kam babu."

"To, ran nan a majami'a fa?"

"Ba barci na yi ba. Na ga bakin fasto ya ce a rufe ido, na rufe. Ina jira benci ya motsa in san an gama."

"Wayyo Allah. Me ya hana ka gaya mini?"

"A ce Saja mai barci ya fi mini sauƙi da a ce Saja kurma. Mai barci yana farkawa." Ya shafa gemunsa. "Kuma in muka hure fitila muka durƙusa, ba na ganinki, ba na jin ki. Ban san kin fara ba, ban san kin gama ba. Sai in ji kamar na koma cikin ramin da muke ɓuya a can, ni kaɗai. Shi ya sa nake fita. Addu'a ina yi, a gona, in na zauna hutawa. Amma ta mutum ɗaya ba ta da ɗumi."

Nan Saloma ta fashe da kuka, irin kukan da ba ta yi ba ko ranar da aka tafi da shi. Kunya take ji, ga tausayi, ga kuma wani daɗi da ya hana ta numfashi, don mijinta bai bar Allah ba, ita ma bai bar ta ba. Da ta samu bakin magana ta share hanci ta ce, "Wata takwas ina kai ƙararka wurin Allah ta tagar can, da ƙarfi, don ka ji."

"To, ai wanda kika kai wa ya ji," in ji Saja. "Ni dai ban samu sammaci ba."

Ya yi dariya, ita ma ta yi cikin hawaye. Sai ta ga gara ta ƙarasa. "Jibi na shirya kai ka gaban dattawa."

Dariyar ta tsaya. "Da kin kai ni, da na je. Da na zauna ina kallon bakunansu har su gama."

"Sannan fa?"

"Sannan ban sani ba, Maman Joyce."

Kwana biyu kacal ya rage. A ranta ta sa wa Chinyere albarka, ita da shagonta da batiranta manya da ƙanana. Suka yi maganar zuwa babban asibiti bayan girbi, ko za a dace. Saja ya yarda a gaya wa fasto, amma ita za ta faɗa, ba shi ba. Da ta tashi kawo ruwan ta juyo ta tsaya inda zai ga bakinta, ta ce, "Gobe kada ka fita. Za mu jira gari ya waye."

Faɗa ya fi yi sauƙi. Shekara ashirin Saloma tana koya wa yara abu uku kafin addu'a: a haɗa hannu, a sunkuyar da kai, a rufe ido. Wanda ya leƙa da ido ɗaya kuwa ya san sauran. A wurinta addu'a da kai a sama kamar cin tuwo ne ba wanke hannu. Da yamma tana tuƙa tuwo tana laluben ayar da ta ce dole a rufe ido, har tuwon ya kusa kamawa ba ta tuno ko ɗaya ba. Ta tarar daga bakin malamarta ta ji, ita ma malamar daga bakin wata.

Asabar ƙarfe biyar idonta ya buɗe da kansa. Ta ji Saja yana laluben takalmi, ta kamo gefen rigarsa ta riƙe. Ya koma ya zauna. Haka suka zauna a bakin gado suna jiran haske, ita da ba ta taɓa yarda zakara ya riga ta gaida Allah ba. An yi ruwa, ƙasa tana ƙamshi. Da gari ya waye har ana iya bambanta farar akuya da baƙa, ta shimfiɗa tabarma a baranda. Saja, da yake soja ne, shi ya tsara wurin. Ya ce ita ta fuskanci gabas don haske ya sauka a fuskarta, shi kuma ya ba gabas baya. Ya karanta aya, suka durƙusa suna fuskantar juna, gwiwa ta kusa taɓa gwiwa.

"Ya Uba," ta fara, kanta ya sunkuya da kansa.

Ya taɓa mata gwiwa. "Ƙeyarki nake gani."

Ta ɗago, ta runtse ido gam, ta sake farawa. Ba ta yi jimla biyu ba ya sake taɓa ta.

"In kin rufe naki ni na buɗe nawa, sai in ga kamar leƙenki nake yi. Buɗe."

"Haba, Baban Joyce."

"Buɗe. Wanda ya yi idon ba zai ji haushi ba."

Ta buɗe. Ai kuwa sai kunya ta kama ta kamar amarya. Shekara ashirin da takwas, 'ya'ya huɗu, amma ba ta taɓa kallon fuskar mutumin nan na tsawon numfashi biyar ba, don ba haka aka tarbiyyantar da ita ba. Ashe girarsa ta yi furfura. Ashe akwai wani siririn tabo a ƙasan haɓarsa da ba ta san ranar da ya samo shi ba. Dogayen kalmomin da take jerawa a zumuntar mata har a riƙa cewa Maman Joyce ta iya addu'a, duk suka gudu suka bar ta. Dole ta yi a hankali, kalma bayan kalma, tana buɗe baki sosai.

"Ya Uba, mun gode da wayewar gari."

Ya gyaɗa kai. Leɓɓansa suna bin nata.

"Na gode da ka dawo mini da..." Ta saba cewa bawanka, amma ga mutumin a gabanta yana jira. "Da mijina. Na gode da Chinyere mai shago, da ka ba ta idon da ni ban yi amfani da nawa ba. Ka gafarta mini, na yi wa mutumin kirki shaidar ƙarya a gabanka wata takwas."

Saja ya girgiza kai, alamar a bar wannan. Ba ta bari ba, ta maimaita.

"Ka san ba zani nake roƙo ba, ba rufin kwano ba. Wannan nake so, wannan da muke yi yanzu. Ka bar mana shi har tsufa."

Ta roƙa wa Joyce da ƙannenta, ta roƙa wa dawar da ke gona, ta rufe. Addu'a mafi gajarta da ta taɓa yi ke nan, kuma ba ta taɓa yin wadda aka saurara haka ba. Saja ya ce amin daidai inda ya kamata. Ya gyara durƙuso, ya yi gyaran murya.

Tun da jinsa ya tafi yake tauye maganarsa, don bai san iyakar muryarsa ba, tsoronta yake ji. Yau kam ya sake ta gaba ɗaya.

"Ubangiji, Kefas ne!"

Kaji suka watse. Muryar filin fareti ce, wadda ake juya mutum ɗari da ita. A bayan katanga maƙwabciyarsu Rachel tana daka, sai aka ji taɓarya ta tsaya cak. Saloma ta ɗaga hannu za ta yi masa alama ya rage, ta dubi fuskarsa, ta mayar da hannun kan cinyarta. Duk mai kunne a layin nan yau ya sha labari.

"Ka san ni, ba sai na yi dogon bayani ba. Na ɓoye wa matar nan abu, ban kyauta ba, ka yafe. Shekara bakwai na yi golmo, ina nome gonar ubanta ni da abokaina kafin a ba ni ita, har yau ina cika baki da shi. Ita kuwa shekara uku ta nome tawa ita kaɗai ina Saliyo, a kan dutse, ba wanda ya yi mata guɗa, ni ma ban taɓa ce mata sannu ba. To, ina faɗa a gabanka, ta ji. Sannu, Saloma."

Ta toshe baki da hannu. Ya jira har ta sauke.

"Ka ɗauki kunne, na yi ta fushi da kai a gona, ka ji ni. Yau na janye. Ka bar mini ido, na gode da idon. Ka bar mini bakin nan nata, ko faɗa yake yi ina so in gani. Ka ba mu hasken safiya kullum, ko kaɗan ne ya ishe mu. Cikin sunan Yesu."

Ya zuba wa bakinta ido yana jiran amin ɗinta.

Daga bayan katanga Rachel ta ce, "Amin, Saja!". Shi bai san an yi ba. Saloma ta buɗe baki za ta faɗi nata, kuka ya riga ta, leɓɓanta suka karkace suna kaɗawa, kalmar ta fito a murɗe. Saja ya matso da fuskarsa, ya ƙanƙance ido.

"Ban gani ba," ya ce. "Sake faɗa."

Ta goge fuska da gefen zani, ta ja numfashi, ta ɗaga kai sosai yadda haske zai same ta. Ta faɗa a hankali, baki buɗe, har sau biyu.

"Yauwa," in ji Saja Kefas. "Na ji."